Kada a Ɗaure Noti Sai Mota Ta Tsaya da Ƙafafunta

Ƙannena masu sha'awar tayar da tsofaffin motoci, da ku da kuke koyon aiki a gareji, da ku da kuka gaji wata a-kori-kura da ta shekara da shekaru a kwance a ƙofar gida, ina so mu yi magana a kan ranar da za ku mayar da aksil na baya da sifirin ɗinsa. Na san ba ita ce ranar da kuke ɗoki ba. Ɗokinku yana kan ranar da inji zai tashi, da ranar da mai fenti zai miƙo muku makulli. Amma inji in ya ƙi tashi, mota tana nan inda take, ba wanda ya ji ciwo. Aikin ƙasa kuwa in ya ɓaci, ba ya bayyana sai mota tana gudu, da lodi a bayanta, da mutane a kan lodin.

Mu ɗauki fijo a-kori-kura, tunda ita ce yawancinmu muka tashi muna gani. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968. Masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa kanta ta daɗe da dainawa. Ƙaramar 504 ta shiga, a kan sifirin mai murɗi take zaune. Amma da aka zo yin ta ɗaukar kaya sai aka koma wa sifirin mai falle-falle, irin wanda kekunan doki suka yi aiki da shi a Turai tun kafin a ƙera mota. Haka bayan Hilux yake tun fitowarta a 1968, haka tsohuwar Land Rover ta 1948 take gaba da baya. Saboda haka abin da zan faɗa ya shafe su duka, ko da ɗan bambancin ƙira a tsakaninsu.

Abin da yawancin masu koyo ba su gane ba shi ne, wannan sifirin ba tausasa tafiya kaɗai yake yi ba. Shi ne yake riƙe da aksil a mazauninsa. Idan direba ya taka totur, ta cikinsa ƙarfin taya yake bi ya tura mota gaba. Idan ya taka birki, shi ne yake hana aksil ya tsaya mota ta wuce. A kwana kuma shi ke hana shi zamewa gefe. Idon gaba na babban falle yana ɗaure a jikin shasi, ba ya matsawa ko'ina. Idon baya kuwa yana rataye a 'yan ƙarafa biyu masu lilo da makanikai ke kira shakul, domin sifirin in ya danne yana miƙewa ya ƙara tsawo, dole a ba shi wurin zuwa. A tsakiya akwai santa bol, wanda ya ratsa fallayen ya haɗe su, kansa kuma ya zauna cikin wani ɗan rami a mazaunin aksil. Sai yubol guda biyu a kowane gefe, masu rungume aksil da sifirin su matse su wuri ɗaya. Iyakar abin ke nan. Ƙarancin kayan ne ma ke sa a raina aikin, a bar wa ƙaramin yaron gareji da sifana da guntun bututu.

Kafin kowa ya sa kansa a ƙarƙashin mota, ku tsaya ku yi wannan tunanin. Hambirki tayoyin baya yake riƙewa. Giyar da kuka bar mota a ciki, ita ma ta tayoyin baya take riƙe mota. Da zarar kun ɗaga baya, duka biyun sun tashi daga aiki, babu abin da ke hana mota gangarawa sai wejin da kuka sa wa tayoyin gaba. Ku sa shi gaba da bayan kowace taya. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba: robar cikinsa tana iya sakin mai ba tare da ta yi ƙara ba. Bulon siminti kuma, wanda na ga ana jerawa a garejoji da yawa, ba ya lanƙwasa ya ba mutum dama ya ja jiki, rugujewa yake yi lokaci ɗaya. Ku nemi matokaran ƙarfe, ko mai walda ya haɗa muku masu kauri, ku sa su a ƙarƙashin shasi, gaban inda sifirin yake ratayawa. In ƙasar wurin rairayi ce, ku shimfiɗa katako mai kauri tukuna. Ku tura tayoyin da kuka cire ƙarƙashin shasi, ku girgiza motar da ƙarfinku kuna tsaye a waje. Ina roƙonku da wannan, don wanda mota ta faɗo wa a ƙirji ba ya samun numfashin da zai kira taimako.

Aksil kansa kaya ne mai nauyi, kuma nauyinsa ba daidai yake ba. Hancin tulun tsakiya, inda farfela ke haɗuwa, yana rinjaya ya juyo ƙasa ba zato, yatsun da ke wurin kuma sun shiga uku. Mutum biyu, jak ɗaya a ƙarƙashin tulu, kowa ya san inda hannun ɗan'uwansa yake.

Yanzu batun kayan da za ku mayar. In kun shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman sifirin na hannu, ku tafi da tef na awo, da tsohon naku in zai yiwu. Ku sayi biyu tare, daga mota ɗaya. Sabo a dama tsoho a hagu, mota za ta karkata, kuma ba abin da zai miƙar da ita. Ku kifa su a ƙasa gefe da gefe ku ga ko tudunsu ɗaya. Ku goge tsatsa a kusa da ido da kusa da ramin tsakiya, nan ne tsagewa take fara ɓuya. Duk fallen da kuka ga alamar walda a jikinsa, ku bar wa mai shi abinsa. Ƙarfen sifirin an gasa shi an shayar da shi a masana'anta har ya samu taurin da ke sa ya lanƙwasa ya dawo. Abin da ya sa maƙeranmu ke neman karyayyen falle su yi wuƙa da adda da gatari ke nan. Wutar walda tana lalata wannan shayarwar, gefen ɗinkin ya zama mai saurin karyewa, kuma a nan zai sake tsinkewa. Karyayyen falle rabon maƙeri ne, ba na mota ba.

In kuma aksil ɗin ne kuka sayo, ku tabbata lissafin haƙoransa ɗaya ne da na tsohon. A ido za su yi kama, amma wani yana juya taya da sauri fiye da wani. A mota mai jan ƙafa huɗu, in na gaba da na baya suka saɓa, to giya ce za ta biya.

Idan za ku wargaza fallayen ku wanke, ku matse su da matsi kafin ku kwance santa bol, don akwai ƙarfi a ɗaure a cikinsu. Ku kankare tsatsa, ku sa sabon santa bol. Kada ku lafta fenti mai kauri a inda falle ke haɗuwa da falle ko inda sifirin ke zama a kan aksil. Fentin zai murƙushe a hanya, ya bar sarari, abin da kuka ɗaure tam ya zama sako-sako. Bushin roba kuma ba ya shiri da baƙin mai ko giris, suna kumbura shi su ruɓar da shi. Ruwan sabulu ya isa ya shigar da shi ido.

Sai a auna kafin a rataya. A yawancin motoci santa bol ba a tsakiyar sifirin yake daidai ba, ɓangaren gaba ya fi gajarta. Wanda ya juya shi gaba a baya zai tarar da taya ta ƙi zama a tsakiyar mazauninta, farfela kuma ta yi tsawo ko ta gaza. Tun ranar kwancewa ya kamata a yi wa komai alama da fenti: gaba da baya, hagu da dama, da inda bakin farfela ya haɗu da na aksil, don a mayar da shi yadda yake kada mota ta riƙa karkarwa. Waya tana aljihunku, ku ɗauki hoto kafin ku taɓa noti. In akwai ɗan ƙarfe mai tsini gefe ɗaya tsakanin sifirin da aksil, ba a banza aka sa shi ba, shi ke daidaita kallon hancin aksil da farfela. Ku mayar da shi yana fuskantar inda kuka same shi.

To, ga zuciyar maganar. Ku rataya komai, amma kada ku ɗaure komai. Idon gaba ya shiga, bol ya ratsa, noti ya hau da hannu kawai. Shakul ma haka. Sannan a kawo aksil, a lallaɓa shi har kan santa bol ya faɗa raminsa. Za ku ji shi, wani ɗan ƙwas ne, aksil kuma ya daina zamewa. Ku leƙa da tocila ku tabbatar a ɓangarorin biyu. Sau da yawa gefe ɗaya zai shiga ɗayan ya ƙi da ɗan kaɗan. A nan ne mai gaggawa ke ɗauko guduma, ko ya ce yubol zai jawo shi. Ba zai jawo shi ba, sai dai ya murƙushe kan bol ɗin a gefen rami. Tunda kun bar sauran kusoshin a sake, akwai wasa a jiki: ɗan turi da ƙafa a kan diram, ko igiya a ja aksil gaba kaɗan, zai faɗa da kansa.

Dalilin barin kusoshin ido da na shakul a sake shi ne bushin. Robarsa a manne take da ɗan bututun ƙarfen da ke cikinta. Idan aka ɗaure noti, bututun ya kafe, duk motsin da sifirin zai yi robar ce ke murɗawa ta dawo. In kuka ɗaure alhali mota tana sama aksil yana reto, kun kafe bututun a inda sifirin ya saki jiki gaba ɗaya. Da kun sauke mota, nauyi ya danne, robar ta murɗe kamar wankin da aka matse, kuma haka za ta zauna dare da rana ko mota tana ajiye. Kowane rami a hanya ƙari ne a kan murɗin. Bushin da zai yi shekaru sai ya yage cikin 'yan watanni, a ce kayan yanzu ba su da kyau. Wani lokaci gaskiya ne kayan ba su da kyau, amma sau da yawa hannun da ya ɗaure ne ya kashe su. Saboda haka ku sa tayoyi, ku sauke mota ƙasa mai daidai, ku hau bayanta ku yi tsalle sau da dama, ku ɗan tura ta gaba da baya don komai ya samu wurin zama. Sai a lokacin za a shiga da sifana. Wurin zai yi ƙunci, na sani. In da ramin gareji a yi amfani da shi, in babu a kwanta a tabarma a yi haƙuri.

Kafin ɗaurin ƙarshe, ku miƙar da sitiyari, ku auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, hagu da dama. Awon biyu su zo ɗaya. Kun sha ganin a-kori-kura a hanya tana tafe a karkace, gaba na bin layi baya ya fita gefe, har mai binta yana hango tayoyinta huɗu. Aksil ne ya goce. Irin wannan motar tana cin taya, kuma ranar da aka taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, bayanta ne zai nemi ya riga gaba.

Game da yubol, ku sayi sababbi. Na san za a ce muku tsofaffin ba abin da suka yi. Yubol idan aka ɗaure shi yadda ya kamata yana ɗan miƙewa, haƙoransa kuma suna lanƙwasa su bi na noti. In aka sake amfani da shi, sifana za ta yi nauyi a hannu, ku ɗauka ya matse, alhali ƙarfin ya ƙare a gogayyar haƙora bai kai ga sifirin ba. Kuɗinsu bai kai na taya ɗaya ba. Ku ɗaure notocin huɗu a giciye, wannan kusurwa sannan waccan, kaɗan-kaɗan, zagaye uku ko huɗu, har farantin ƙasa ya zauna daidai bai karkata ba. Adadin ƙarfin ɗaurin yana cikin littafin gyaran kowace mota, kuma akwai sifana mai awo da ke yin ƙas idan an kai. In garejinku babu, ku haɗa kuɗi ku saya, ko ku ara. Zura bututu a sifana mutum ya hau da ƙafa ba awo ba ne.

Wani dattijon bakanike ya taɓa jawo karyayyen falle daga tarkacen bayan rumfarsa ya miƙo mini. Karayar ta bi ta tsakiyar ramin santa bol. Ya sa babban yatsa a bakin karayar, ya ce, "Duba nan, ɗana." Rabin bakin ya yi baƙi, ya yi sumul, tsatsa ta shiga. Sauran rabin fari ne tas, mai tsakuwa-tsakuwa. Ya ce baƙin ya daɗe da tsagewa, yana ci a hankali wata da watanni, farin kuwa shi ne abin da ya rage ya tsinke a rana ɗaya. Na ce, "Baba, lodi ne ya yi yawa?" Ya girgiza kai. Ya ce wurin nan, in yubol ya matse da kyau, ba ya motsi sam, ƙarfen da ba ya motsi kuma ba ya gajiya. Falle in ya karye ta ramin tsakiya, yubol ne ya saki. Sannan ya nuna mini alamar da ake ganewa tun kafin a kai ga haka: wani jan gari mai laushi da ke fitowa daga tsakanin fallaye kusa da farantin, alamar ƙarfe na gugar ƙarfe.

Birki ba a yi masa sauri. Akwai tiyon roba guda da ya sauko daga shasi zuwa aksil, shi kaɗai ke kai mai ga tayoyin baya biyu. In motar ta daɗe a kwance, ku canza shi ko da bai nuna tsagewa ba. Kada ya murɗe, kada ya gogi komai, kuma ya kasance da sauran sako ko aksil ya sauka iyakar saukarsa. Ku zuba sabon man birki daga rufaffiyar kwalba, DOT 3 ko DOT 4 yadda murfin ya nuna, domin man birki yana shan damshin iska, wanda ya daɗe a buɗe kuma yana iya tafasa a gangara feda ta tafi ƙasa. Ku fitar da iska, ku fara da tayar da ta fi nisa da direba. Yawancin a-kori-kura suna da wani ɗan bawul a shasi, da siririn ƙarfe ya haɗa shi da aksil. Aikinsa ya rage wa birkin baya ƙarfi in mota ba kaya, ya ƙara in an yi lodi. Na sha ganin an cire ƙarfen an yar, ko an ɗaure shi da waya. Ku mayar da shi, kuma in tsayin mota ya canza saboda sabon sifirin, a sake saita shi.

Man aksil kuma, ku fara kwance murfin zubawa kafin na tsiyayewa, kada ku zubar da tsohon mai sannan ku tarar murfin sama ya ƙi. A zuba har ya kawo bakin rami mota tana tsaye daidai. Yawancinsu mai lamba 90 ko 80W-90 suke sha, amma wasu tsofaffin fijo 404 akwai tagulla a haƙoransu, nasu man daban ne, ku tambaya kafin ku zuba. A saman aksil akwai ɗan mashaƙin iska da laka ke toshewa. In ya toshe, aksil ya yi zafi, iska ta rasa mafita, sai ta turo mai ta bakin sil ya jiƙa birki. Wanke shi aikin minti biyu ne. Shokazoba in ta yi yoyo ko ta daina riƙewa, a canza biyun tare.

Akwai maganar da na san za ta zo muku, ko daga mai mota ko daga zuciyarku: a ƙara falle biyu ko uku don ta ɗauki kaya da yawa. Na fahimci dalilin. Mai ya yi tsada, wanda ke ɗauko hatsi daga ƙauye zuwa kasuwar Dawanau yana so sawu ɗaya ya yi masa aikin biyu. Amma irin waɗannan motoci kimanin tan guda aka yi su su ɗauka, buhu goma ke nan na masu kilo ɗari. Ƙarin falle bai ƙara wa boris ƙarfi ba, kuma a yawancin ƙananan a-kori-kura boris ɗaya ne a kowane gefe ke ɗauke da nauyin. Bai ƙara faɗin birki ba, bai canza lambar nauyin da ke rubuce a jikin taya ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya hana bayan mota durƙusawa, wato ya ɓoye alamar da take gaya wa direba cewa ya isa haka. Dukan da sifirin ya kamata ya shanye kuma sai ya wuce zuwa shasi, a fara ganin tsagewa a gindin maratayin gaba. In mai mota ya nace, ku gaya masa wannan a fili, da ladabi, a gaban shaida. In aka ƙara ɗin, tilas a sa santa bol da yubol masu tsawon da ya dace, noti ya hau haƙoransa duka har bol ya ɗan leƙo.

Aikin bai ƙare ranar da mota ta fita ba. Tafiyar farko a yi ta a hankali, a hanyar da ba mutane, a gwada birki tun ana tafiyar ƙafa. A dawo a taɓa diram biyun da bayan hannu: wanda ya fi ɗan'uwansa zafi yana kamawa. A leƙa ko mai na ɗiga. Sababbin fallaye suna kwantawa a jikin juna da zarar sun ɗauki kaya, kuma duk kwanciyar da suka yi ragi ne a matsin yubol. Saboda haka bayan lodin farko a sake bin notocin nan takwas da sifana mai awo, a kuma sake bayan 'yan ɗaruruwan kilomita. Kada ku jira mai mota ya tuna, ba zai tuna ba. Ku karɓi lambarsa, ku sa masa rana, ku kira shi ya kawo ta. Za ku tarar kusan kowane noti ya ƙara juyawa, wani kwata, wani har rabi. Ku bi su a giciye kamar farko, ku sake auna tazarar tayoyi hagu da dama, sannan ku ɗiga fenti a kan kowane noti ya gangaro kan faranti, yadda duk ranar da ɗaya ya motsa, layin zai rabu a gani.